Kwastan da Zuciyar Kafinta

'Ya'yanta ne suka laƙaba mata Kwastan, kuma ba su zalunce ta ba. Duk ledar da za ta shiga gidan sai ta bi ta hannunta. Ta buɗe, ta leƙa, ta shinshina, in ta ga maiƙo ya jiƙa takarda to kaya sun zama na fasa-ƙwauri, sai dai maƙwabta su ci arziki. Har aljihun mijinta takan lalube kafin wanki. Wasu matan lambar wata suke nema a aljihu, ita tsinken sakace take nema. Sunan ya bi ta har wajen surukai, jikoki ma Kaka Kwastan suke ce mata, ita kuwa ko a jikinta.

Abin da take gadi shi ne zuciyar mijinta, Kafinta.

Ba haka ta tashi ba. Mahaifiyarta mai shagon abinci ce a bakin tasha, a cikin ƙamshin suya ta yi wayo, kuma tun tana budurwa aka san tana da hannu. In ta kaɗa miya, direbobi kan bar motarsu ta cika ta batse suna lashe kwano. Mahaifinta ya fi kowa son girkinta. Wata rana ya gama cin abin da ta zuba masa, ya yaba, ya dafe ƙirji, ya jingina da bango, shi ke nan. A wajen gaisuwa ta ji wata tsohuwa tana cewa ai maiƙo ne ya toshe masa jijiya. Babu wanda ya ce ita ce. Ita dai ta ji, ta ajiye maganar a inda ba a shara.

Saboda haka ranar da aka kawo mata Kafinta a riƙe, fuska ta yi fari, ana cewa yana hawa tsani da katakon rufi a kafaɗa ƙirjinsa ya ɗaure har ya zauna a kan kwanon rufi, ba ta yi kuka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. A ƙaramin asibitin unguwa aka ce jininsa ya ɗan hau, a rage gishiri, a rage mai. Rage aka ce, amma Kwastan ba ta san rage ba. A ranar ta kyautar da galan ɗin mai, ta ɗora gwangwanin gishiri a can saman kabad inda sai an taka kujera, gidan ya shiga cin miyar da Auta, ƙaramar 'yarsu, take kira ruwan wankin alayyafo. Ita kanta ta daina cin gishiri, don ta ce ba za ta hana mutum abu tana lasa a gabansa ba.

Kafinta mutum ne mai haƙuri, sai dai haƙurin ciki daban yake. Bayan wani lokaci Kwastan ta lura kular da take zuba masa abincin rana tana dawowa a wanke tas. Mutumin da tun aurensu bai taɓa ɗauraye ko cokali ba! Ta ja mayafi da hantsi ta nufi layin shagonsa, ta tarar da abin da ta zata: wata mata mai rumfar abinci daf da shagon, mai yana iyo a kan miyarta har kana ganin fuskarka.

Mai Rumfa ta ɗauka faɗa aka zo yi, har ta gyara ɗaurin zane. Sai ta ga baƙuwa ta zauna a benci, ta nemi cokali, ta ɗanɗana, ta ce albasar ba ta soyu ba. Kafin la'asar sun ƙulla yarjejeniya. Kullum da safe, bayan Kafinta ya fita, Kwastan za ta ɗora wata 'yar tukunya daban, da citta da tafarnuwa da busasshen kifi da ɗan gishiri na bakin farce da Mai Rumfa take ƙulla mata, ta biya da ita ta bayan rumfa a hanyarta ta kasuwa. In Kafinta ya zo, daga tukunyar nan za a zuba masa. Ita kuma ta koya wa Mai Rumfa yadda mahaifiyarta take haɗa miya, har ciniki ya buɗe mata.

Mai Rumfa ta taɓa tambayarta, tunda ta iya dafa mai daɗi marar cutarwa, me ya hana ta ba shi a gida? Kwastan ta dube ta kallon yarinya. Ta ce in ta sassauta a gida, wanda ya fi shi zai nema a waje, namiji in bai ji yana sata ba ba ya ƙoshi. Don haka na gida ya ci gaba da zama salam, na rumfa ya ci gaba da zama na sata, duka biyun kuwa hannu ɗaya ya dafa.

Haka aka yi shekara da shekaru. Sau ɗaya abin ya sosa mata rai. Tana shanya a tsakar gida ta jiyo shi a ƙofa yana gaya wa abokinsa, murya ƙasa-ƙasa, cewa matar nan mai rumfa Allah ya ba ta hannu, innar yara kuwa hannunta ya daɗe da mutuwa. Ta tsaya riƙe da jiƙaƙƙiyar riga, ta rasa murna za ta yi ko kuka, don an yabe ta an zage ta a numfashi ɗaya. Ta matse rigar fiye da yadda take bukata, ta shanya.

To, sai ciwon ya dawo. Duk tsaron nan, duk binciken leda, Kafinta ya sake zama a kan rufin wani gini dafe da ƙirji, wannan karon har da jiri. Nan Kwastan ta fara rikicewa. Aka auna jini aka ce lafiya. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji aka ce bugun daidai yake. Aka sa shi tafiya a kan wani injin da ake taku ba a zuwa ko'ina, aka ce an ga wani abu amma ba a tabbatar ba. Yayarsa ta ce gyambon ciki ne, ƙaninsa ya ce tunani ne, Auta ta duba waya ta karanto cututtuka har sai da uwar ta ƙwace wayar. Kowa da abin da yake gani, shi kuwa mai ciwon in yana zaune a ƙasa garau yake kamar ba shi ba.

Daga ƙarshe aka tura su babban asibiti, wajen likitan zuciya. Ya ce za a ɗauki hoton da ake kira siti sikan: na'ura ce da take ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, a zuba wani ruwa a jini don jijiyoyin da ke shayar da zuciya su fito fili, a ga ko akwai inda ya toshe. Kwastan ta ji daɗin maganar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a ga aikinta ƙuru-ƙuru, in ta tsare shi a gani, in kuma ta gaza a gani. Sai da suka fito murnar ta gushe, don ba ta taɓa kawo gazawa a ranta ba sai da ta ji kanta ta ambata.

Ranar hoton suka je bai sha shayi ba, kamar yadda aka gindaya musu. Wurin a ƙasan bene yake, doguwar baranda mai sanyi da kujerun ƙarfe a jere, da ƙofa mai kauri da jar fitila a samanta. Aka ba shi wata riga mai buɗaɗɗen baya, aka sa masa allura a hannu, aka maƙala masa wani abu a yatsa mai nuna bugun zuciya. Mai ɗaukar hoton, wata mata mai tabarau da sanyin murya, ta dubi lambar ta girgiza kai. Ta ce zuciya kamar yaro ce a gaban mai hoto, in ba ta natsu ba hoton dishi-dishi zai fito, tasa kuwa gudu take kamar an biyo ta. Ta ba shi ƙwaya, ta ce ya zauna ya huce.

Aka jima aka duba, tana nan tana gudu. Aka ƙara masa wata. Matar ta ce in ba ta sauka ba sai dai a ɗaga zuwa wani lokaci, layin kuwa da tsawo. Ta tambaye shi ko akwai abin da yake tsoro, ya ce shi da yake tafiya a kan rufin bene ba igiya, wace na'ura ce za ta ba shi tsoro? Yana faɗa gumi yana bin wuyansa a cikin wannan sanyi.

Kwastan ta san mijinta. Ta bari matar ta koma ciki, ta matso.

"Malam, mene ne?"

Ya rage murya ya gaya mata. Ashe wani dattijo da suka zauna tare a layi ne ya gaya masa na'urar ba ta rufa wa kowa asiri, duk kitsen da mutum ya ci a rayuwarsa sai ta nuna shi.

"Innar yara, gara ki ji daga bakina da ki gani a hoto. Na daɗe ina cin abinci a waje. Wajen matar nan ta kusa da shago. Kullum."

Ga shi an zo wurin. In ta yi shiru, zuciyar ba za ta sauka ba, a koma gida da ciwon da ba a san sunansa ba. In ta faɗa, shirin da ta gina shekara da shekaru ya rushe, gobe sai ya nemi wata rumfar da hannunta bai kai ba. Ta dubi lambar da ke yatsansa tana tsalle. Haushi ya kama ta, nasa da na kanta da na dattijon layi mai shegen surutu.

"Ni nake dafawa," ta ce.

"Na san ke kike dafawa. Na waje nake nufi."

"Shi nake nufi. 'Yar tukunya mai baƙin murfi da take ɗaukowa daga ƙarƙashin tebur, ba ka taɓa ganin ta yi kama da tamu da ta ɓata ba?"

Kafinta ya dube ta, ya dubi bango, ya sake dubanta. Ta ga yana lissafi a fuska, yana komawa baya shekara bayan shekara, duk lallaɓawar da ya yi, duk kuskure bakin da yake yi kafin ya shigo gida, duk kular da ya wanke da hannunsa.

"To ni wa nake cuta duk tsawon lokacin nan?"

"Kanka ka sani."

Sai dariya ta kama shi, marar sauti, kafaɗu suna rawa, har ya share ido da hannun da babu allura. Ita ba ta yi ba, don ba ta ga abin dariya a asarar da ta yi yanzun nan ba. Da mai hoton ta fito ta duba, ta ce yauwa, ƙwaya ta yi aiki. Kwastan ta bar ta a haka.

Ba a barin kowa ya shiga tare da marar lafiya. Kafin a rufe ƙofa ta hango na'urar, wani ƙaton farin zobe da siririn gado yana shiga bakinsa, an kwantar da mijinta an ɗaga hannayensa sama da kai kamar wanda aka kama. Jar fitila ta kama. Ta cikin ƙofar ta jiyo murya tana cewa ya ja numfashi ya riƙe, sai ta tarar ita ma ta riƙe nata, ba ta saki ba sai da aka ce ya saki. Ba a daɗe ba ya fito yana shafa bayan riga. Ya raɗa mata cewa da aka tura ruwan nan wani ɗumi ya ratsa shi tun daga maƙogwaro har ƙasa, ya rantse ya ɗauka ya jiƙa gadon mutane. Ta duba masa, ta ce a bushe yake, ya sa wandonsa su tafi.

Ranar karɓar sakamako likita ya juyo musu da allon kwamfuta. Ga zuciyar Kafinta tana juyawa a hankali, ita kaɗai, babu ƙirji babu haƙarƙari, jijiyoyi sun kwanta a kanta kamar saiwa. Kwastan ta ji kunya ta kama ta, ta rasa dalili. Likita ya bi jijiyoyin da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu inda ya toshe, babu kitse, babu komai, wanda bai kai shi shekaru ba ma zai so irinsu.

Ta gyara zama. Ta dubi mijinta ta gefen ido don ta tabbatar ya ji. Da a nan aka tsaya da ta koma gida da kai a sama har ƙarshen rayuwarta.

Amma likita bai ajiye biron ba. Ya juya hoton, ya ƙara girmansa. Ya ce manyan jijiyoyin da ke shayar da zuciya biyu ne, ta dama da ta hagu, kowacce da ƙofar da take fitowa. Shi tasa ta dama ba ta fito ta ƙofarta ba, ta ɓangaren hagu ta fito, don haka kafin ta kai inda aikinta yake sai ta ratsa tsakanin wasu manyan hanyoyin jini guda biyu. In yana zaune babu matsala. In ya ɗauki nauyi ya hau tsani, zuciya ta ɗauki gudu, sai hanyoyin nan su kumbura su matse ta. Kafinta ya gyaɗa kai, ya ce kamar wayar wuta da ta shiga tsakanin ƙofa da katakonta ke nan. Likita ya ce kusan haka.

"Me ya jawo?" in ji Kwastan.

"Babu abin da ya jawo, Mama. Haka aka haife shi."

Ta ɗauka bai fahimci tambayar ba, ta sake ta wata hanya. Ta ce to me zai daina ci? Likita ya ce babu, wannan ba ruwansa da abinci. Ya ci abin da kowa yake ci, kada dai ya wuce gona da iri. Abin da zai daina shi ne hawa rufi da ɗaukar nauyi, har sai an ƙara wani gwaji an ga iyakar matsewar. Wasu magani da kiyayewa sun ishe su, wasu kuma sai an yi musu aiki an gyara wa jijiyar hanya. Bai san wanne ne nasa ba tukuna.

Kwastan ta ji ɗakin yana juyawa kamar zuciyar da ke allo. An ce mata lafiya lau, an ce mata wataƙila a tsaga ƙirji, duk a zama ɗaya. Ta laluba ta kamo abin da ya rage mata. Ta ce amma wannan tsabtar jijiyar da ya yaba, ai girki ne ya kawo ta ko? Likita ya ce wataƙila ya taimaka, ba zai ce bai taimaka ba, sai dai yana ganin masu kiyayewa da tasu ta toshe, yana ganin masu ci da mai da tasu take fes. Sai ta ji bakinta ya yi tambayar da ba ta shirya ba. Ta ce mahaifinta fa, da ya faɗi bayan ya gama cin abinci? Likita ya dube ta da kyau, ya sassauta murya, ya ce ba shi da hotonsa, ba zai iya cewa ga abin da ya kashe shi ba, kuma wanda ya ce ya sani ma bai sani ba.

Suka shiga mota. Kafinta yana ta lissafin wanda zai ba aikin rufin da ya karɓa, yana cewa shi ke nan ya koma ƙera kujerun tsakar gida kamar ɗan koyo. Ita tana kallon titi. Shekara nawa tana tsaye a ƙofa tana binciken leda, ashe abin da take jira yana ciki tun kafin ta san mutumin. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Da can in ta ji tsoro tashi take ta shiga kicin, ta rage wani abu, ta hana wani abu, ta ji ta yi maganinsa. Yanzu an ce babu abin ragewa, ta rasa inda za ta kai hannunta.

Da yamma ta taka kujera ta sauko da gwangwanin gishiri. Ya dunƙule ya zama dutse, sai da ta sa bayan cokali ta farfasa. Ta aro mai wajen maƙwabciya, wadda ta bi ta da kallo har ƙofa. Tunda an ce ya ci, to bari ya ci, ko ba komai ya san hannun bai mutu ba. Ta soya albasa yadda mahaifiyarta take yi, ƙamshi ya cika gidan har Auta ta leƙo ta tambaya ko baƙi za a yi. Da ta zo zuba gishiri ta tsaya. Ta zuba, ta ɗanɗana, ta ji ya yi yawa. Ta ba Auta, yarinyar ta ce ko alamarsa ba ta ji ba. Ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa, ta kasa gane komai. Harshen da aka yi wa horo tsawon shekaru ba ya dawowa rana ɗaya.

Ta zuba ta kai masa, ta zauna a gefe tana jiran yabo. Ya buɗe kwanon, ya ga mai yana ƙyalli a sama. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya haɗiye. Sai ya ajiye cokalin. Da ya ɗago ta ga babu wasa a idonsa ko kaɗan.

"Innar yara, ki gaya mini gaskiya. Da na fita karɓo magani, akwai abin da likita ya gaya miki da bai gaya mini ba?"

"Babu. Me ka gani?"

"Wanda aka fid da rai da shi ake ba irin wannan. Kin sallama ni ke nan?"

Maganar ta daki ƙirjinta. Ashe miyar nan da yake gudu, da ita yake gane cewa akwai wadda ba ta yarda ya mutu ba. Ta so ta ce masa ai ba ta da amfani, likita ya faɗa a gabansa, ruwan alayyafo ba ya mayar da jijiya ƙofarta. Ta buɗe baki, ta ga yadda ya zuba mata ido yana jira, ta fasa.

"Wa ya ce naka ne?" ta ce, ta janye kwanon. "Na Auta ne, na yi kuskuren kwano. Daga an ce jijiya fes har ka fara buɗe ido?"

Ta ji ajiyar zuciyarsa tun kafin ta kai ƙofa. A kicin ta jingina da bango ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka sauko da shi daga rufi, ta toshe baki da mayafi don kada ya ji. Da ta gama ta wanke fuska, ta taka kujera ta mayar da gwangwanin inda yake, ta ɗora ruwa a wuta, ta jawo alayyafo ta fara yanka.